Busasshiyar Ƙafar Maliki

Maliki ya ci amanar yayansa saboda takalmi. Ba yunwa ce ta sa shi ba, ba kuma rashin sani ba, domin ɗan manomi ne da aka haifa a bakin fadamar Augie, ya san irin albasa tun kafin a kai shi makarantar allo. Abin da ya ja shi kawai shi ne kada ƙafarsa ta jiƙe, kada yarinya ta yi masa dariya.

Ubansu, marigayi Malam Hodi, ya bar musu gona da wani irin albasa ja wanda ya yi shekara da shekaru yana zaɓe da hannunsa. Albasa ce mai taurin kai, tana daɗewa a ajiye ba ta ruɓe ba, shi ya sa in ta wasu ta ƙare ko ta lalace, ta gidan Hodi tana nan. Tsohon yana da wata al'ada da bai taɓa saɓawa ba. Duk bazara in ya sussuke iri, sai ya raba shi biyu, ya ajiye rabi a ɗakinsa, rabi ya aika wa ƙanwarsa Baiwa da ke aure a Badariya cikin Birnin Kebbi, inda gidan siminti ne kuma kogi ba ya kaiwa. Yakan ce wanda ke kwana kusa da Rima ba ya tara irinsa wuri ɗaya. Da ya rasu, babban ɗansa Maigandi ya ci gaba da yin haka.

Maliki kuwa tun yana yaro ya tsani fadama. Duk damina ruwa ya ci masa tsakanin yatsu, duk rani faso ya tsattsaga masa diddige. Da ya girma ya dami yayansa da naci har Maigandi ya saya masa mashin, ya koma Birnin Kebbi yana kabu-kabu. Abin da ya fara saya da guminsa shi ne baƙin takalmi sau-ciki da farar safa. Kullum sai ya shafe ƙafa da man kaɗe, ya goge takalmin har ya ga fuskarsa a ciki. Abokan sana'arsa da ke yawo da silifas suka laƙaba masa Ango, in hadari ya taso su ce a nemo wa Ango lema, kada ƙafar gwamnati ta sha ruwa. Bai damu ba. Akwai wata Nazifa a Argungu, 'yar wani mai sayar da busasshen kifi, wadda ta taɓa faɗa a gabansa wajen wani biki cewa mutumin Augie ko ya sa babbar riga, diddigensa ne ke tona shi. Wasa take yi, amma maganar ta zauna masa, kuma tun daga ranar yake zuwa wurinta zance.

A ƙarshen daminar nan ruwa ya shiga unguwarsu a Augie. Ya rushe bangon ɗakin Maigandi, ya tafi da irin da ke ciki, ya kuma ruɓar da sauran albasar da ke ajiye. Lokacin rainon iri ya yi, maƙwabta har sun fara watsa nasu. Maigandi ya kira ƙaninsa a waya, ya ce ya riga ya gyara fangalin da zai watsa iri, gobe da sassafe ya je wurin Goggo Baiwa ya karɓo ajiya ya kawo masa kai tsaye, kada ya tsaya ko'ina.

Maliki ya ce to. Amma bai tafi da sassafe ba. Ya lissafa cewa in ya bari sai bayan azahar, zai isa Argungu daidai la'asar, lokacin da Nazifa ke samun fita. Ya yi ta zagaye gari da fasinja yana duban rana, sannan ya koma ya yi wanka, ya sa farar shadda, ya goge takalmi, ya nufi Badariya.

Goggo Baiwa ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaye shi ko ɗaurin aure za shi. Ta shiga ɗaki ta fito da jakar ƙyalle mai cike da baƙin iri, da manyan ledoji biyu masu kauri, irin na cikin buhun taki. Ta hura wa kowace iska, ta matse bakinta, ta kara a kunne don ta ji ko tana da huda. Da ta tabbata lafiyarsu lau, ta sa jakar cikin ɗaya ta ƙulle, ta sa cikin ta biyun ta sake ƙullewa, ta tsaya a kansa har ya ɗaure ƙullin a kariyar mashin da roba.

“Wanga abu shi kaɗai yar rage na ubanku,” in ji ta. “In ruwa sun taso, kai ka jiƙe, shi kar shi jiƙe.”

“Haba Goggo, sai ka ce jinjiri kinka aika.”

“Jinjiri ba shi sa safa,” ta ce, ta juya ta shige gida.

Tun kafin ya fita gari gabas ta yi baƙi. Ya ƙara wuta yana fatan ya riga hadarin. Iska ta fara kaɗa shinkafar da ke gefen hanya wajen Zauro, tana ture mashin ɗin gefe. Yana wuce Ambursa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya faɗa wata rumfar kara da masu sayar da kankana suka bari, ya ciro rigar ruwansa daga ƙarƙashin kujera ya sa. Rigar ta rufe shi har gwiwa. Daga nan zuwa ƙasa babu komai.

Ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya leƙa sama, ya duba waya, ya dubi takalmi. Ruwa ya fara gangarowa cikin rumfar, ya hau kan wani dutse ya tsaya da ƙafa a haɗe. In ya jira ruwan ya ɗauke, la'asar za ta wuce, Nazifa ta shige gida. In ya tafi haka, ruwan da tayar gaba ke watsowa zai cika masa takalmi kafin ya yi nisa, safa ta koma kalar taɓo. Ya yi tunanin cire takalmin ya tuƙa da ƙafa tsirara, sai ya tuna ba shi da inda zai sa su, kuma ko da akwai, ba zai iya jure ya isa Argungu da yatsu a jiƙe sun yi fari fat kamar na mai dashen shinkafa ba.

Wani ɗan kabu-kabu ya wuce a guje, ya ɗaure ƙafafunsa biyu da baƙar leda har ƙwauri. Maliki ya bi shi da kallo. Sannan ya juya ya dubi ƙullin da ke bayan mashin.

Bai daɗe yana shawara ba, kuma wannan shi ne abin kunyar. Ya ce wa kansa ruwan ya kusa tsayawa. Ya ce zai ɗauki leda ɗaya kawai, sai ya ga ƙafa biyu gare shi. Ya kwance ƙullin Goggo, ya zura ƙafar dama a ɗaya, ta hagu a ɗaya, ya ɗaure bakinsu a ƙwauri da guntun roba. Jakar irin ta rage tsirara a hannunsa. Da ya cusa ta cikin rigarsa a ƙirji, da wataƙila ta tsira, amma ƙyallen tsoho ne mai ƙura, shaddar kuma fara ce. Sai ya mayar da ita kan kariya, ya ja bayan rigar ruwan ya lulluɓe ta, ya hau.

Duk ruwan da ya sauka a kafaɗunsa ya bi bayan rigar ya gangara, kuma inda ya ƙare shi ne kan jakar. Iska ta yi ta ɗaga gefen rigar. Manyan motoci suka yi ta watso masa ruwan kwalta. Sau da yawa ya kai hannu baya ya taɓa, ya ji sanyi, ya janye hannun da sauri kamar ya taɓa wuta, ya ƙara gudu. A wani wuri ya ji warin leda na ƙonewa, ya gane ta dama ta taɓa salansar mashin mai zafi, ya ɗan ɗaga ƙafar ya ci gaba.

Ruwan ya tsagaita yana shiga Argungu. Ya raɓe bayan wani shago ya kwance ledojin. Takalmi na nan a bushe, safa fara tas. Ya ninke ledojin ya tura ƙarƙashin kujera, ya ƙi duban jakar, ya nufi gidan su Nazifa.

Ta fito da mayafi a ka tana tsallake kwatami. Ta dubi ƙafarsa ta yi dariya.

“Ɗan Augie, ta sama kab biyo? Gari duk taɓo, kai takalminka na walƙiya.”

Ya ce mai tsabta ko cikin kogi ya bi, da tsabtarsa zai fito. Ta ce to Allah ya ba ta sirrin, ita da ko bakin ƙofa ta je sai ta wanke ƙafa. Abin da ya zo nema ke nan, ya kuma samu, amma bai ji daɗin da ya zata ba. Tana magana yana waiwayen mashin. Ruwa na ɗiga daga kariya, ɗis, ɗis, a kan tayar baya. Ta tambaye shi abin da ya ɗauko, ya ce saƙo ne. Ta tambaye shi ko kunama ce a aljihunsa da ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya yi mata sallama tun hirar ba ta yi nisa ba.

A bayan tasha ya buɗe jakar. Irin ya jiƙe jagab, ya dunƙule, yana manne wa yatsu. Ya san abin da ya kamata: ya hau mashin ya kai wa Maigandi haka nan, ya faɗi gaskiya. Amma in ya kai shi a jiƙe za a tambaye shi ina ledojin Goggo suke lokacin da ake ruwa, za a kuma dubi ƙafarsa. Ya dubi sama, babu rana. Ya dubi gefe, sai ga wani mai shayi da ake kira Tamba yana fifita garwashi.

Ya roƙe shi aron babban farantin ƙarfe da gefen murhu. Ya juye irin ya baza, ya ɗora a kan wuta, yana juyawa da cokali. Tamba ya leƙo ya ce wannan kam irin albasa ne, kuma bai taɓa ganin mai hankali ya kai shi kusa da wuta ba. Maliki ya ce habbatus sauda ce, maganin tsohuwarsa ne ruwa ya taɓa. Tamba ya ce shi dai bai taɓa jin habbatus sauda mai warin miya ba, amma kowa da kayansa, ya koma kan tukunyarsa.

Tururi ya tashi. Maliki ya yi ta juyawa yana taɓawa, in ya ji zafi ya sauke, in ya ga da saura ya mayar. Can irin ya bushe, ya warware, ya koma yana zuba shar-shar kamar yadda yake da. Ya shanya jakar a jikin tukunyar shayi har ta sha iska. Ya mayar da komai, ya goge ledojin da tsumma, ya ƙulle yadda ya ga Goggo ta yi, ya kama hanyar Augie.

Ya tarar da Maigandi a bakin hanya, ya gaji da jira, ya kira waya har ya daina. Da ya ga ƙullin sai fushinsa ya sauka. Ya zura hannu cikin irin, ya ji shi a bushe, ya yi hamdala, ya sa wa Goggo albarka, ya sa wa ƙaninsa. Ya ce da matarsa Sharifa ta zuba wa Maliki tuwo da yawa, ya sha hanya cikin ruwa. Maliki ya ce ba ya jin yunwa, ya juya Birnin Kebbi kafin magariba.

Washegari Maigandi ya watsa iri, ya rufe da busasshiyar ciyawa, ya yi ta ba shi ruwa safe da yamma. Na maƙwabta ya tsiro kamar gashin jariri. Nasa shiru. Kullum ya je ya ɗaga ciyawa ya duƙa ya duba, ya mayar. Ya zargi ƙasa, ya ce ko ambaliya ta bar mata wani abu. Ya zargi tururuwa. Ya zargi hannunsa, ya ce ko ya binne da zurfi. Ya gyara wani fangali a tudu ya watsa ɗan abin da ya rage, shi ma ko ɗaya bai fito ba. Ya daina cin abincin kirki. Ya riƙa kiran Maliki yana tambaya ko ya lura da wani abu a ɗakin Goggo, ko danshi, ko zafin kwanon rufi. Maliki ya ce shi dai yadda aka ba shi haka ya kawo.

A Birnin Kebbi shi ma bai zauna lafiya ba. In waya ta yi ƙara sai ya daɗe bai ɗauka ba. Ya wuce fasinja a hanya bai gan su ba. Ya daina bin layin Goggo. Amma bai faɗa ba, ya bar magana ta yi ta yawo a dangi har ta zama cewa Baiwa ta tsufa, ta ajiye irin ɗan'uwanta kusa da murhu ko ta bar shi ya sha danshi. Wata ma ta ce wa ya sani ko ta sayar da na kirkin ta cika jakar da tsohon iri.

Maganar ta kai kunnen Goggo Baiwa. Ta aika aka kira Maliki, ta ce ya kai ta Augie yanzu, a mashin ɗinsa. Ya kawo uzurin taya, ta ce ta ga tayar, lafiyarta lau. Ya ce akwai hadari, ta ce ba gishiri ba ce ita.

An ɗan yi yayyafi a hanya. Tana zaune a bayansa. Wajen Ambursa 'yan kabu-kabu biyu suka wuce su, kowanne da leda ɗaure a ƙafa. Maliki ya ji tsohuwar ta juya tana bin su da kallo, ta daɗe ba ta juyo ba. Daga nan har Augie yana jin idonta a ƙeyarsa.

Ba ta zauna ta sha ruwa ba. Ta sa Maigandi ya kai ta ta ga fangalin, ta tona ƙasa da yatsa, ta ciro ƙwayar iri tana nan yadda aka sa ta. Suka dawo gida. Ta tambayi Sharifa ina ledojin da aka kawo irin a ciki. Mace ba ta yar da leda mai kauri, Sharifa ta ɗauko su a ninke daga ƙarƙashin katifa, ta ce sai dai ba su riƙe ruwa, duk biyun a huje suka zo.

Goggo ta baza su a tabarma a tsakar gida. Ɗaya tana da ƙuna a gefe, bakin hudar ya narke ya nannaɗe. Ɗayar ta huje a wajen da ƙarfen giya ke cin takalmi. Ta juya cikinsu waje, ga baƙin man goge takalmi ya yi shati a gindin kowace. Ta ce ita da bakinta ta hura ledojin nan a gaban yaron nan, babu wadda ta fitar da iska. Ta tura ta daman gaban Maliki.

“Sa ƙahwarka.”

“Goggo...”

“Sa ƙahwarka, Ango. Ba haka abokanka ka kiran ka ba?”

Ya tsaya. Maigandi ya ce ya yi abin da aka ce. Ya zura ƙafar da takalminta, ledar ta zauna daidai, ƙunar ta faɗo a gefen da ke kallon salansa. Sharifa ta kama baki ta koma ɗaki.

Maliki ya fara magana da sauri, yana haɗa wannan da wancan. Ya ce ruwan ne ya fi ƙarfinsa, ya ce ya rufe jakar da rigarsa, ya ce ai bai kawo shi a jiƙe ba, ya tsaya ya busar da shi sarai, kuma wutar ba ta da ƙarfi, garwashi ne kawai na mai shayi.

Babu wanda ya san da zancen wuta sai a lokacin. Goggo ta zauna a kan turmi. Maigandi ya dubi ƙaninsa, ya yi magana a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba.

“Fangali na gyare tun kahin ka taso. Da ka kawo min shi jiƙe, da na watsa shi ran nan da marece, da yanzu ya kai tsawon yatsa. Ruwa ba su kashe iri, Maliki, kai ma ka sani. Soya shi kay yi don kar in dubi ƙahwarka.”

Maliki ya ce a yi masa aikin gafara. Goggo ta ce gafara tana wurin Allah, ita abin da ta zo nema ta samu, a dai kira waɗanda suka ce ta sayar da irin ɗan'uwanta a gaya musu. Maigandi ya durƙusa ya ba ta haƙuri a kan zargin da ya bari ya shiga ransa. Sannan ya miƙa wa Maliki hannu, ba don gaisuwa ba. Maliki ya ciro makullin mashin ya sa masa a tafi. Da yamma wani maƙwabci ne ya kai Goggo tasha.

Irin Malam Hodi ya ƙare daga wannan shekara. Maigandi ya bi waɗanda ubansu ya taɓa ba wa, ya tarar duk sun gauraya shi da wasu. Lokacin raino kuma ya wuce, ko da na kasuwa ba zai kamo ba. Abin da ya rage masa shi ne ya juya gonar zuwa shinkafar rani, ita kuwa tana son injin ban ruwa da mutum mai tsayawa cikin ruwa. Labari ya bi ta bakin Tamba ya zaga tashar Argungu har ya isa rumfar mai kifi, uban Nazifa ya aiko cewa kada a sake ganin yaron a ƙofar gidansa.

Maigandi ya ba da mashin aka ba shi injin ban ruwa. Ya sa Maliki a gona. Tun daga dashe har yanka, cikin sanyin asuba da zafin rana, Maliki yana tsaye cikin taɓo har ƙwauri, ba takalmi. Ruwa ya ci tsakanin yatsunsa duka, diddigensa ya tsage, sau-cikin ba ya shigarsa.